Kulob ɗin Turmi

Alhamis da dare, Garuwa

Yau ƙwallon ƙarfen da na jefa ya wuce layi! 

Tun farkon zango nake fargabar gwajin wasanni na jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, don makinsa na iya kayar da ni. Sauran 'yan mata suna zuwa fili da yamma, ni kuwa kunya ba ta bari in motsa a gaban samari. Sai na roƙi Inna ta daina kai gero inji, ni zan riƙa dakawa. Kullum ina cilla taɓarya sama, in tafa, in cafe.

Da Mesiye, malamin wasanni, ya auna jifana, ya tambaye ni da Faransanci a wane kulob nake atisaye. Na sunkuyar da kai na ce, "Turmi, Mesiye." Ba ya jin Hausa, sai ya ce a wace unguwa yake! Aji ya fashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa.

Na samu makina. Da na gaya wa Inna, ta ce, "Madalla, 'yar nan. Gobe masara ce."