Gyaran Nawa Ne, Makullin Na Nasiru

Zuwa ga Malam Injiniya Sabi'u, jagoran masu kula da manhajar Tsinke.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Malam yana cikin ƙoshin lafiya, da iyali da ɗalibai baki ɗaya. Ranka ya daɗe, ɗalibinka ne Auwalu na Wambai a Suleja, wanda ka koya wa rubuta manhaja tun bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙata a bainar jama'a, alhali na san ƙofar gidanka a Sabon Wuse, na kuma san lokacin da kake zama a zaure. Na zaɓi fili ne saboda maganar ɗaki ita ta kai ni inda nake yau.

Saboda masu karatu da ba sana'armu suke yi ba, bari in yi ɗan bayani. Duk manhajar da mutum ya rubuta, kafin inji ya gane ta sai an mayar da ita jerin lambobi, kowace lamba umarni guda: ɗauko, ajiye, tara, tsallaka. Wannan jerin shi muke kira bayitkod. Tsinke kayan aiki ne na kyauta da Malam ya assasa domin karanta waɗannan lambobi da tantance su. Ma'anar kowace lamba tana cikin wani kundin ƙa'ida, wanda wani kwamiti na ƙasashen waje yake rubutawa, kuma kwamitin ba ya zama wuri ɗaya. Yau su sauya wa umarni lamba, gobe su haɗe biyu su zama ɗaya, jibi su ce sun fasa. Aikinmu shi ne bin sawunsu. Duk wanda ya ga kuskure ko ya kawo gyara, dokar Tsinke ta ce ya rubuta a shafinmu na intanet inda kowa ke gani, ya nuna layin, ya ambaci wanda ya rubuta shi. Wanda aka ba makulli kuma shi ne mai ikon cewa gyara ya shiga ko kar ya shiga.

Ga kukana, daki-daki.

Na ɗaya. Shekara huɗu ke nan ina bin daftarin kwamitin nan kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Aikin da nake ci da shi yana Abuja, gidana yana Suleja, saboda haka makarantata ita ce kujerar bayan mota. Cunkoson Madalla da ke sa mutane tsaki, ni a cikinsa nake karanta abin da aka sauya a kundin, da waya a hannu, jakar wani a kan cinyata. Babu sashen karanta lambobi da ban sani ba a Tsinke. Ban faɗi haka don alfahari ba, ko da yake idan na ce babu alfaharin ko kaɗan na yi ƙarya.

Na biyu, kuma nan ne tushen maganar. Malam zai tuna lokacin da kwamitin ya ga gurbin lambobi ya kusa cika, ya yanke cewa sababbin umarni za su riƙa ɗaukar gurbi biyu ko fiye maimakon ɗaya. Sashen da ka rubuta da hannunka ya ci gaba da karanta gurbin farko kawai, ya ɗauki na biyun a matsayin wani umarni dabam. Ni na gano haka. Na zo har Sabon Wuse ranar Juma'a, na durƙusa na gaishe ka, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa. Ka saurare ni, ka ce doka ɗaya ce ga kowa, in je in rubuta a shafi.

Ranka ya daɗe, na buɗe shafin ya fi a ƙirga. Sai in fara rubuta cewa layi kaza na Malam Sabi'u ba daidai yake ba, sai hannuna ya ƙi. Mutanen da ke karanta shafin nan suna ƙasashe dabam-dabam, ba su san cewa kai ka tsaya mini na sami aikin da nake yi ba, ba su san kai ka yi huɗubar ɗan farina ba. Ni kuwa na taso a gidan da ko sunan yayanka ba ka kama wa gatsau, balle ka tsaya gaban duniya ka ce malaminka ya yi kuskure.

To akwai Nasiru, mutumin Katsina da aiki ya kawo Abuja, yake haya a sababbin gidajen Maje. Sa'ana ne, injiniya ne, motarsa muke shiga mu huɗu kullum safiya. Bai taɓa zama ajinka ba, babu wannan nauyin a tsakaninku. Na ba shi gyaran da gwajin da ke tabbatar da shi, na ce ya tura da sunansa. Don Allah a shaida, Nasiru ya nemi ya saka sunana kusa da nasa, ni na hana. A ganina a lokacin, sunana a wurin daidai yake da in buɗe baki in yi maka gyara. Har alkawari na sa ya ɗaukar mini cewa ba zai faɗa wa kowa ba.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk sanda kwamitin ya juya, na duba na ga sashen da ya saura a baya naka ne, sai in yi bayani a mota, Nasiru yana tuƙi yana gyaɗa kai, da yamma ya tura. Gyaran da ya shafi rubutun wasu ina turawa da sunana, amma waɗannan ƙanana ne, domin manyan sassan duk kai ka rubuta su. Sai tarihin Tsinke ya nuna Auwalu mai gyara waƙafi da aya, Nasiru kuma mai ceto manhaja.

Na uku. Bayan ƙaramar Sallah ka fitar da sanarwa cewa an ba Nasiru makullin sashen karanta lambobi da na tantance su, kuma shi zai riƙa zama a madadin Tsinke idan kwamitin ƙa'ida ya kira taro. Ka yabi kaifin idonsa, ka lissafo gyare-gyaren da suka sa aka zaɓe shi. Na bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, Malam. In ban da biyu, duk a kujerar bayan motarsa aka haife su.

Ba zan yi wa abin da na ji kwaskwarima ba, ƙyashi ne tsagwaronsa. Washegari a mota sauran abokan tafiya suna ta yi masa murna, suna cewa sai ya yi walima, ni ma na ce Allah ya sanya alheri, da dariyar yaƙe wadda har kumatuna suka gaji. Kwana uku na ƙirƙiro uzuri na daina shiga motar, na koma tasha ina cusa kaina a bas mu huɗu a kujerar mutum uku. Maiɗakina ta tambaye ni ko faɗa muka yi, na ce a'a, ta dube ni ta ce to fushin da babu faɗa a cikinsa ai shi ya fi wuyar warkewa, ta ci gaba da aikinta. Na zauna na tone duk abin da Nasiru ya taɓa rubutawa da kansa, ina neman kuskuren da zan riƙe. Abin haushi, aikinsa mai kyau ne. Da ragon injiniya ne da na sami sauƙi.

Ya zo gidana a Wambai ranar wata Asabar, ya ƙi ko shan ruwa, ya ce in sake shi daga alkawarin ya je ya gaya maka gaskiya. Na yi ta maza na ce ya bar maganar, ni ba don suna nake yi ba. Ya tafi, ya kuma cika alkawari. Tun ranar nake jin haushinsa saboda ya ji maganata. Na san babu hankali a wannan, amma haka zuciyar take.

Na huɗu. A nan zan ɗan taɓa ka, ranka ya daɗe, a gafarce ni. Shekara uku kana duba takardun jarrabawata. Ka san yadda nake jera gwaji daga ƙarami zuwa babba, ka san ba na rufe aiki sai na gwada fayil da babu komai a ciki, domin kai ka taɓa rage mini maki a kan haka har abin ya zauna mini. Gyaran farko ma a zaurenka na fara faɗinsa, mako guda kafin ya fito da sunan wani. Ko dai ba ka gane hannuna ba, wanda zai yi mini ciwo, ko ka gane ka yi shiru don ka ga ranar da zan yi magana, wanda ya fi ciwo. Dokar rubutawa a shafi doka ce mai kyau, ban ce a soke ta ba. Amma an ɗauko ta daga wurin mutanen da ɗalibi ke kiran farfesansa da sunansa na yanka, aka dasa a tsakaninmu ba tare da an ce mana komai ba. Kai ka san tarbiyyar da muka fito daga cikinta, domin kai ma cikinta ka fito.

Na biyar, wanda ya fi kowanne nauyi a bakina. A daftarin da kwamitin ya fitar na baya-bayan nan, sun musanya matsayin abu biyu a umarnin kwafe bayanai: a da, wurin ɗaukowa ake fara rubutawa, yanzu wurin ajiyewa ne a gaba. Sashen tantancewa da ka sabunta a watan jiya yana nan a tsohon tsari. Nasiru ya duba ya sa hannu, bai gani ba, domin gwajin da ake da shi wuri ɗaya yake ɗauka yake kuma ajiyewa, saboda haka ko an juya ba a ganewa. Idan sabon Tsinke ya fita a haka, zai riƙa ƙin manhajojin mutane masu kyau, ya wuce da marasa kyau.

Yau mako biyu da na ga wannan, na yi gum. Wannan karon ba kunyarka ce ta rufe mini baki ba. So nake a saki manhajar da kuskuren, ƙorafi ya yi ta shigowa daga ko'ina, a tambayi wanda ke riƙe da makulli ina kaifin idon nasa ya tafi. Har na tsara a raina yadda zan fito daga baya da gyara a hannu, ina sunkuyar da kai kamar ban so ba. Mutanen da manhajarsu za ta tsaya ba su yi mini laifin komai ba, amma na yarda su sha wuya don in huce. Da na ga inda ƙyashi ya kai ni, na tsorata da kaina.

Saboda haka yau da safe, kafin in fita aiki, na rubuta a shafi. Na nuna layin, na rubuta cewa Malam Sabi'u ne ya rubuta shi kuma ba daidai yake ba, na haɗa da gyara da sabon gwaji, na sa sunana. Sannan na tura.

Ga abin da nake roƙo.

Da farko, ka duba gyaran da kanka, ka ba da amsa a shafin inda kowa zai gani. Idan ni na karanta daftarin a karkace, ka faɗa a fili, na cancanci haka.

Sannan na saki Nasiru daga alkawarin da na ɗora masa. A tambaye shi, a mayar da sunana kan abin da na yi, a bar masa nasa. Da zuciyata za a bi da na ce a karɓe makullin a ba ni, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu ina so. Amma ban roƙi haka ba, domin bai sata ba, ni na miƙa masa da hannuna. Idan akwai wani sashen da ke neman mai kula, a auna ni da aikina na gaskiya.

Na ƙarshe, ka tara ɗalibanka da ke cikin Tsinke ka gaya musu da bakinka cewa yi maka gyara a shafi ba rashin kunya ba ne. Ba ni kaɗai nake da irin Nasiruna ba, na san aƙalla mutum biyu da suke bi ta bayan gida kamar yadda na yi. Daga gare ka kawai za su yarda.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri a kan ilimin da ka ba mu, ya sa Tsinke ya amfani waɗanda ba mu sani ba. Allah ya sanya wa Nasiru albarka a makullinsa, ni kuma ya wanke mini zuciya har in iya faɗin wannan addu'ar ba tare da ta tsaya mini a wuya ba.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan zo Sabon Wuse bayan an sauko daga masallaci, in cire takalmi in yi sallama a ƙofar zaure kamar kullum. Shekara huɗu ina ba wani aikina don tsoron kada in yi sallamar nan a yi shiru. Zan tsaya in ji ko za a amsa.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Auwalu,
Wambai, Suleja.