Wane Inji Zan Zaɓa wa Pop Kafin Ruwa Ya Yanke Hanya?

Anti Glenys,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki amsa da wuri, don ranar Asabar zan yanke shawara, ni kuwa kaina ya kulle. Na san masu rubuto miki yawanci manyan maza ne masu tambayar wace igiyar kamun kifi ta fi ƙarfi. Ni shekarata goma sha shida, ko a aji ba na ɗaga hannu. Ba zan faɗi sunan garinmu ba. Ƙaramin gari ne a bakin teku, idan mutum ɗaya ya gane ni, kafin yamma an gama zancen a mashaya.

Kakana, wanda muke kira Pop, haɗa sandunan kamun kifi yake yi tun kafin a haifi Mama. Yakan sayo sandar tsirara, ya sa mata mariƙi, ya jera zobban da igiya ke bi, sannan ya naɗe ƙafar kowane zobe da zare, sili kusa da sili, ya shafe da gam mai sheƙi. Duk wannan da hannu yake yi. Hagu na mirgina sandar a kan katako, dama na bin zaren, babban yatsa na jin ko ya yi tauri ko ya saki. Ni nake zama gefensa bayan makaranta ina karatu. Wata rana ya fizge littafina na soyayya, ya bi da zaren ta tsakiyar shafukan don ya danne shi, wai ranar ce littafin ya fara yin amfani a duniya. Gimbiya yake ce min, kuma ba yabo ba ne.

Tun bara hannunsa na hagu yake rawa. Na dama lafiya lau, hagun ne. Sanda ta fizga, zare ya hau kan zare, ya sa reza ya yanke, ya sake daga farko. Makon jiya rezar ta zarce ta karci jikin sandar. Ke kin san sandar da aka karta, ranar da babban kifin baramundi ya ja ta, nan za ta karye. Bai yi ashar ba, Anti, shi da ke zagin guduma idan ta faɗi. Ajiye sandar ya yi, ya zauna kan bokiti, ya danne hagun da dama a kan gwiwa. Ta jikin ƙofa na gani, na koma da baya a hankali.

Akwai wani mai jirgin ruwa na haya, zan ce masa Wal, ya ba Pop aikin sandunan da baƙinsa za su yi amfani da su idan an buɗe kamun baramundi farkon Fabrairu. Mama ta ce min a kicin, murya ƙasa-ƙasa, idan Pop ya kammala aikin Wal, za ta bar shi a gidansa da ɗakin aikinsa. Idan ya kasa, ita ta gama gani, za ta kai shi gidan kula da tsofaffi a Townsville kusa da Kawu, a kwashe ɗakin. Pop bai san da wannan sharaɗi ba. Na yi kuka har ta yarda za ta saya masa injin naɗi a matsayin kyautar Kirsimeti, wanda zai riƙa juya sandar da kansa. Guda ɗaya tak za ta saya, kuma ta ce ni zan zaɓa, tunda ni ce mai zama da shi. Shi ma injin ba a gaya masa ba.

Asabar za a tura oda, don ya biyo babbar motar kaya ta ƙarshe kafin ruwa ya yanke hanya. Hadari ya riga ya fara taruwa kullum da yamma. Idan na zaɓi wanda bai dace ba, babu mayarwa sai bayan damina, lokacin an gama komai.

Inji biyu ne. Ɗaya mai gudu, da abin takawa kamar keken ɗinki, ka taka ya juya, hannuwanka biyu na kan zare. Ɗayan yana tafiya a hankali, da maɓallin murzawa a gefe, yana komawa baya, kuma yana da ƙaramin injin da ke juya sanda har gam ya bushe.

Ga inda na ɓata abin. A shagon kayan kamun kifi akwai wani yaro, zan ce masa Kade. Gashinsa rana ta ƙone shi ya yi fari-fari, kuma yana da wani ɗan tabo a gira irin wanda ake ba jarumai a littafi. Shekara guda ina shiga shagon ina sayen ƙugiyoyin da ba na buƙata, bai taɓa ce min komai ba sai nawa zan biya. Da na tambaye shi inji, sai ya zagayo ta gefena, ya nuna min bidiyo a wayarsa, kafaɗarsa na taɓa tawa. Ya ce mai gudun shi ne inji, ɗayan na tsofaffin mata ne masu saƙa. Ya ce kafin in ƙifta ido ya naɗe zobe guda. Ya ce ashe na san aikin haka, ai ni ƙwararriya ce. Duk abin da ya faɗa, to kawai nake cewa. Ban ma san lokacin da ya rubuta sunana kusa da mai gudun a takardar oda ba. Na fito ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa, har na raɗa wa 'ya'yanmu suna kafin in kai gida.

Sai da na ga Pop yana jan ƙafa daga ɗakin aiki sannan na farga da kuskurena. Ciwon sukari ya kashe masa jin tafin ƙafa. Dalilin da ya sa ya daina tuƙi ke nan, ranar da ya taka totur ya ɗauka birki ne, ya kwantar da ƙyauren gida. Mutumin da ba ya jin ƙafarsa, yaya zai yi da abin takawa?

Amma kuma, Anti, idan Kade ne ke da gaskiya fa? Lokaci ya ƙure, sandunan da yawa. Idan na ɗauki mai tafiya a hankali, Fabrairu ta zo bai gama ba, ni ce na tura shi Townsville da hannuna. Idan na ɗauki mai gudun ya riƙa lalata sanduna, ni ce dai. Sannan yaya zan koma in kalli Kade in ce na fasa? Zai ce yarinya ce mara wayo. Ga Pop kuma, kullum cewa yake injin naɗi na malalata ne, ranar da aka shigo da shi ɗakinsa a fitar da gawarsa tukuna. Abinci ba ya shiga min. Littafi ma na buɗe, shafi ɗaya nake ta maimaitawa.

Wanne zan zaɓa?

Mai Zama Gefen Pop

*

'Yata,

Share hawayenki, mu ɗauki abin ɗaya bayan ɗaya.

Na inji shi ne mai sauƙi, kuma kin riga kin amsa shi da kanki. Ki ɗauki mai tafiya a hankali, mai maɓalli. Kakanki ba saurin hannu ya rasa ba, hannun da ke juya sanda ya rasa, inji kuwa wannan hannun kaɗai zai maye. Na yi shekaru ina naɗi, kuma ina tabbatar miki ba juyin sanda ke cin lokaci ba. Warwarewa da sakewa ne ke cinye yini. Injin da ke tafiya a hankali ba tare da fizga ba zai riga mai gudu gama aikin Wal, in dai a hannun Pop ne. Abin takawa a ƙarƙashin ƙafar da ba ta ji kuwa haɗari ne, zare zai tsinke, wata rana ma yatsa ya shiga.

Kafin ki tura oda, ki tabbatar da abubuwa kaɗan. Injin ya iya juyawa a hankali ƙwarai ba tare da ya tsaya yana gurnani ba. Maɓallin ya zauna inda damansa zai kai, ko a samu babba wanda hagu mai rawa zai iya bugawa ya tsayar. Ki auna sandar Wal mafi tsawo, ki auna bangon ɗakin, don kada gadon injin ya gaza ko ya ƙi shiga. Ki tambaya ko na wutarmu ne, domin da yawansu daga Amurka ake kawowa, wutarsu ba irin tamu ba ce. Ki sa a haɗo da ƙarin bel ɗin injin, tunda hanya za ta rufe.

Kade bai yaudare ki ba. Injin da ya nuna miki mai kyau ne ga saurayi mai lafiyar ƙafa, shi kuwa bai san ƙafar Pop ba, don ba ki gaya masa ba. Ki je ki faɗa masa a jimla ɗaya: kakanki ba ya jin ƙafarsa, mai maɓalli kike so. Idan bakinki zai nauyaya, ki maimaita a hanya. Kullum mutane na canza oda a shago, ba wanda ya mutu. Idan ya ce bai sani ba, ya taya ki dubawa, to yaron kirki ne. Idan ya yi miki dariya, kin san abin da ke bayan tabon girar tun da wuri.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Mahaifiyarki ba muguwa ba ce. Tsoro take ji, tana kallon ubanta da reza a hannu mai rawa, kuma tana da gaskiya ta ji tsoron. Amma kuskure ne ta ɗora makomar dattijo a kan yarinya 'yar sha shida, kuskure ne kuma a yi wa mutum jarrabawar da bai san yana zaunawa ba. Inda Pop zai zauna magana ce ta shi da ita da likita, ba ta sandunan Wal ba. Ki gaya mata haka cikin ladabi, ki roƙe ta ta kai shi a duba hannun kafin hanya ta yanke, domin wata rawar hannun tana da magani. Ba zan yi miki alkawarin inji zai zaunar da shi a gida har abada ba. Amma ko me ya faru a Fabrairu, ba laifinki ba ne.

Kuma kada ku naɗe injin nan a takardar kyauta ku ajiye masa ranar Kirsimeti a gaban jama'a. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana aiki da hannu, haka zai ji kamar an sanar wa dangi cewa ya ƙare. Ki same shi a ɗakin aiki kafin Asabar, ku biyu kawai, ki nuna masa injinan, ki ce ke ba ki iya zaɓa ba sai da shi. Zai yi faɗa. Ki zauna, ki bar shi ya yi ya gama. Idan kika ji ya fara kushe injin, yana cewa bakin injin ba zai riƙe sanda da kyau ba, kada ki yi gardama, ki miƙa masa tef ɗin awo ya auna da kansa.

Ina yi muku fatan damina mai sauƙi da sanduna masu ƙarko. Ki gaishe min da Pop, ki ce wata tsohuwa da ta ƙi inji har sai da kafaɗarta ta ƙi ta, ta ce ya zauna ya gwada.

Anti Glenys