Ruwan Rijiyar Inna Ladi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Ya Fatakwal, ya maigida da yara? Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan Badarawa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kin tuna binciken rijiyoyin Rafin Guza da jami'armu ta haɗa mu a kai, ni daga sashen Hausa, sauran daga sashen kimiyya? Su duk maza ne, ba sa shiga gidaje, saboda haka ni nake shiga in yi hira da mata, in ɗebo ruwa a kwalba. A nan na saba da wata tsohuwa, Inna Ladi, har tana ce mini 'yarta.

To, sakamako ya fito. Masai na tsiyaya cikin rijiyarta. Farfesan da ke jagorantarmu ya ce kada kowa ya buɗe baki sai an sake gwaji kwamiti ya zauna. Na ce masa jikokinta fa suna sha. Ya ce, "Malama, tambaya ce taki, bayani namu ne." Na kai kuka wurin shugaban sashenmu, ya ce ba huruminsa ba ne.

Ranar Litinin na koma gidan Inna Ladi. Ta ɗebo ruwan rijiyar a kofi ta miƙo mini, na ce azumi nake. Ta sa mini albarka, ta miƙa wa jikarta, yarinyar ta shanye a gabana.

Ki gaida maigida da yara. Don Allah ki sa ni a addu'a, na rasa mafita. Gobe zan sake komawa, kuma na san za ta sake ɗebowa.

Ƙanwarki,
Hadiza