Babi na Arba'in da Kika Bari a Waya

Zuwa ga Falmata, Maman Yagana,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Babu wanda zan ba ya kai miki, kuma inda kike ba a buƙatar karatun boko. Amma na gaji da magana ni kaɗai a rumfa har masu kawo gyara suna kallona, shi ya sa na yago takarda a tsohon littafin makarantar Yagana na zauna. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannuna ya fi sabawa da sifana.

Yau wata huɗu ke nan da muka kai ki. Yara suna lafiya, suna wajen Inna, ina zuwa ganinsu kullum bayan la'asar. Ruwan bana ya cinye mana shinkafar bakin kogi, ciyawar kachala kuma ta sake toshe hanyar ruwan gonar yayanki. Yanzu kowa ya koma alkama, saboda haka injinan ban ruwa sun yi min yawa a rumfa, kowa yana so a yi nasa yau. Kazarki mai wake-wake ta ƙyanƙyashe bakwai, shaho ya ɗauki biyu. Labarin gida ke nan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne mutanenki na waya. Falmata, sun hana ni sakat.

Bari in fara da laifina. Shekara biyu kina rubuta littafin nan a waya, duk babin da kika gama kina tura wa guruf ɗinki na masu karatu ranar Juma'a, ban taɓa karanta ko layi ɗaya ba. Tatsuniyar 'yan sama jannati nake kiransa. Kin tuna ranar sunan gidan yayanki, da na ce a gaban mutane wai ke da ba ki taɓa wuce Kano ba kin kwashi mutane kin wuce da su bayan wata? Kowa ya yi dariya, ke ma kin yi. Sai yanzu nake tuna cewa daga ranar ba ki ƙara yi min maganar littafin a gaban kowa ba.

Bayan an share makoki wayarki ta ƙi yin shiru. Na kai ta rumfa na sa caji, ina nufin in ga ko akwai masu gaisuwa da ya kamata a amsa. Gaisuwar tana nan, da yawa, Allah ya saka musu. Amma ko sati uku ba a yi ba suka koma kan labarin kamar babu abin da ya faru. Da na ga kullum sunan wani Bulama ake ja ana zagi, sai na ce bari in ga wane ne wannan da ya tsone wa mata ido haka. Na koma babi na ɗaya. Sati biyar na yi ina karantawa, tsakanin wannan inji da wancan, ina goge hannu kafin in taɓa wayar.

Ashe abin da kika rubuta ke nan. Kogin Haɗeja ya mutu, kachala ta shanye shi, fadama ta zama fako. Aka kwashi mutanenmu a wani ƙaton jirgi na sararin samaniya, da irin shinkafa da 'ya'yan tarwaɗa a cikin tankuna, za a kai su wata duniya mai ruwa, tafiyar shekara talatin. A can ƙasan jirgin akwai injin da yake tace ruwan da kowa ke sha, Bulama ne mai kula da shi. Yana da mata, Hamsatu, mai surutu da son mutane. Shi kuma ba ya magana. Duk abin da aka ce masa, to. Ranar da ta haihu yana gindin inji. Ranar da mahaifiyarta ta rasu a jirgin, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa abin faɗi, ya koma gindin inji.

To ki ji abin da masu karatunki suke cewa. Akwai wata Maman Ilham daga Jahun, ita ce shugabar masu zagi. Ta ce Bulama ba mutum ba ne, itace ne aka sa wa riga. Ta ce da ita ce Hamsatu, da tuni ta buɗe ƙofar jirgin ta tura shi waje ya je ya auri taurari. Mata suka yi ta turo hoton dariya. Wata ta ce ita tun babi na goma take addu'ar injin ya fashe da shi. Wata kuma ta ce ai laifin marubuciyar ne, me ya sa ba ta kawo wani matuƙin jirgi mai kyau da iya kalamai ya kwashe Hamsatu ba, kowa ya huta? Har ƙuri'a suka yi, wai Hamsatu ta zauna ko ta tafi. Ba sai na gaya miki ɓangaren da ya ci ba.

Akwai kuma wani malamin makaranta daga Kafin Hausa, shi nasa ciwon daban. Ya rubuto dogon sharhi, ya ce wannan ba labarin kimiyya ba ne sam. Wai babu yaƙi, babu baƙin halittu, ba a faɗi irin man da jirgin yake sha ba, babi talatin da tara mutane suna cin tuwo suna gaba da juna. Ya ce rikicin gidan aure ne kawai aka ɗaga sama. Wallahi raina ya ɓaci. Shi ya taɓa kwance inji? A babi na sha bakwai kin rubuta yadda injin ruwa yake canza kuka kwana biyu kafin ya tsaya, da yadda iska take shiga tiyo ta hana shi ja. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, ni na gaya miki. Yaushe kika koyi wannan? Duk lokacin da kike kawo min abinci rumfa ki zauna a kan benci, na ɗauka jiran kwano kike yi.

A wannan babin ne na fara ganewa. Bulama ya ɗauki sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa yana saurare. Duk kasuwar nan wa yake yin haka in ba ni ba? Daga nan na fara ganin sauran. Yana goge baƙin mai a labulen ɗaki. Yana cinye abinci tas ba ya cewa ya yi daɗi. Farcen babban yatsansa na hagu ya mutu. Haba Falmata. Ko farcen ba ki bar min ba?

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ban taɓa wayar ba. Kika ɗauke ni, mijinki, uban 'ya'yanki, kika ajiye a gaban matan da ban sani ba, suna yi min wankin babban bargo duk Juma'a, ni kuma ina rumfa ban san ana yi ba. In kina da magana, me ya hana ki gaya min a ɗaki? Na yi ta maimaita wannan tambayar a raina har na gaji, domin na san amsarta. Kin sha gaya min. To nake cewa.

Sai na yi wauta. Wata ranar Talata Maman Ilham ta sake taso da maganar, ta ce namiji irin Bulama bai san so ba, ko kare ya fi shi nuna ƙauna. Ban san lokacin da na fara rubutu ba. Na ce mutumin nan shekara talatin bai bar ruwa ya yanke a jirgin ko na yini ɗaya ba, ruwan da Hamsatu take sha take wanka da shi, wa yake kawowa? Na tura. Na manta sam da lambarki nake turawa, da sunanki da hotonki a sama. Falmata, guruf ya hargitse. Masu salati suna yi, wasu suka fice a guje, wata ta ce ɓarayin waya ne, wata ta ce a karanta ayatul kursiyyu. Dole na yi saƙon murya na ce ni ne mijin marigayiya, a yi haƙuri. Suka yi min gaisuwa cikin ladabi, na minti biyar. Daga nan suka yi min caa. Maman Ilham ta ce da ma ai namiji ne zai goyi bayansa, ruwa kuma ko famfon unguwa yana bayarwa, ba a aurensa.

Har yau maganar nan tana ci na.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga hayaniyar ba, wata Hajiya Aisa, dattijuwa daga jin muryarta. Ta turo min saƙo ni kaɗai. Ta ce ita ba ta taɓa ƙin Bulama ba, domin wadda ta rubuta shi ba ta ƙi shi ba, ana gani a rubutun. Ta ce mace ba ta zama ta ƙirga yadda mutum yake numfashi in yana sauraren inji sai in idonta ya daɗe a kansa. Ba ta tambaye ni komai ba, amma na san ta gane. Ita ce ta ce in duba wayar da kyau, ko kin bar babin ƙarshe.

Kin bari. Na gan shi tun da daɗewa a wajen da kike ajiye rubutu, an sa masa Babi na 40. Na ƙi buɗewa, na ƙi gaya musu. Kin san inda kika tsaya a na talatin da tara: an hango sabuwar duniya ta taga, Hamsatu ta sauka ƙasan jirgi ta sami Bulama, ta ce masa in an sauka ita za ta bi 'yan uwanta, shi ya zauna da injinsa, sai dai in yana da abin cewa. Su masu karatu ƙarshen labari suke jira. Ni kuwa hukuncin da kika yanke min ne a ciki. In Hamsatu ta tafi, to na san da abin da kika koma ga Allah a zuciyarki, kuma babu inda zan same ki in ba ki haƙuri. Wata biyu ina kallon sunan babin ina kashe wayar.

Jiya bayan azahar na kai wa wani injinsa gona a bakin kogi. Da na tayar masa ruwa ya fara zuba, na koma gefe na zauna a kan kunya, na ce yau ko me ke ciki sai na gani. Na yi bisimilla na buɗe.

Layi huɗu ne kawai. Hamsatu tana tsaye a bakin ƙofa. Bulama ya ajiye sukundireba ya juyo. A ƙasa kika rubuta wa kanki: "A nan Bulama zai yi magana. Ban san me zai ce ba. In tambayi Baban Yagana."

Kuma kin tambaye ni. Ina zaune a wajen abin ya dawo min. Ana saura kwana biyu ciwon ya kwantar da ke, da safe, ina ɗaure inji a bayan babur zan tafi Kafin Hausa. Kika fito tsakar gida da waya a hannu, kika ce in mutum ba mai magana ba ne, matarsa ta ce za ta tafi, me zai ce mata? Ko kallonki ban yi ba. Na ce ba ni da lokacin tatsuniya, a bari sai na dawo. Na dawo da yamma, kika kawo min ruwa da abinci, ba ki sake tambaya ba, ni kuma ban tuna ba.

Ashe ba ki yanke min hukunci ba, jira kike yi. Shekara biyu kina gina jirgi, kika ɗauki mutum kika kai shi ƙarshen duniya don kawai ya buɗe baki, ni kuma ina duba ko igiya ta ɗauru. Wane irin mutum ne wannan? Maman Ilham ta faɗi nata, kuma yau ba ni da bakin musa mata.

Ranar Juma'a zan tura musu layukan nan huɗu yadda kika bar su, ba zan ƙara ko wasali ba. Su yi ta ƙuri'arsu, malamin Kafin Hausa ya ce babu kimiyya. Amsar kuwa ba tasu ba ce, ke kika tambaya, ke zan ba.

Bulama ba zai iya dogon zance ba, kin san shi. Zai tsaya yana goge hannu a riga har ki ɗauka ba zai ce komai ba. Sannan zai ce, kada ki tafi. Abin da zai ce ke nan, Falmata. Kada ki tafi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ke ma ki yafe min. Sai mun zo.

Mijinki,
Sale mai gyaran inji, Baban Yagana
Haɗeja