Ta'aziyyar Dakta Kubura Abdullatif da Roƙo a kan Rufin Tankin Kaikai

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Kula da Ruwan Sha ta Kaikai da Mawashi, a Ƙaramar Hukumar Kusada, ta samu labarin rasuwar ɗiyarmu kuma malamarmu, Hajiya Dakta Kubura Abdullatif, masaniyar kimiyyar sinadarai, wadda Allah Ya karɓi ranta bayan gajeriyar jinya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau Talata, kwana goma sha biyu da rasuwar. Ya kamata wannan saƙo ya fita tuntuni, amma ni da ke rubuta wa ƙungiya ciwon ƙirji ya kwantar da ni, sai shekaranjiya na iya takawa da sanda. Muna neman afuwa.

Marigayiya haifaffiyar Kaikai ce, kuma karatun da ya kai ta nesa bai raba ta da tafkin da ta sha tana ƙarama ba. Ita ce ta fara auna ruwansa, ta nuna mana cewa maganin feshi da damina ke wankowa daga gonaki yana taruwa a ciki, kuma tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta fitar da wannan guba. Shekara uku da suka wuce ta gina mana faffaɗan tanki marar zurfi da ake zuba ruwan tafkin a ciki, ta shimfiɗe shi da tayil da aka shafe da wani farin gari, wanda ƙwayarsa ta fi kaurin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Idan rana ta haska garin nan, sai ya wargaza gubar da ke cikin ruwan. Idan babu rana, bai fi farar ƙasa amfani ba.

Ta sha fama da mu a kan haka, domin mu mun tashi da sanin cewa ruwan kirki a inuwa yake, cikin randa, da faifai a kai. Sau da dama mata sun lulluɓe tankin da tabarmi don gudun ƙura, ta zo ta yaye tana dariya, tana ce masu wannan ruwa shanya ne irin ta barkono. Ta kuma koya mana gwaji: a ɗiga bular wanki a ruwa cikin kwanon gilashi mai tayil ɗaya, a ajiye gefen tanki da hantsi. In shuɗin ya kau kafin la'asar, aiki na tafiya.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi yi mana nauyi. A kwanakin zaman makoki, mai gidanta, mai girma Alhaji Zainul Abidin na Kankia, ya aiko kafintoci suka yi wa tankin rufin kwano mai kyau, sadaka gare ta, don kada aikinta ya lalace. Babu mai shakkar niyyarsa, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya hana mutumin da ke karɓar gaisuwar matarsa. Jiya na ɗiga bula da hannuna, na ajiye kwanon gilashin gefen tanki, inda inuwar rufin ta rufe yanzu, na zauna har aka kira la'asar. Shuɗin yana nan yadda na zuba shi. Ruwan kuwa garau yake a ido, har ya fi da sanyi, mata na ta ɗiba suna sa wa Alhaji albarka.

Saboda haka ƙungiya tana roƙon jama'ar Kaikai da makiyayan da ke kewaye su daina shan ruwan tankin, su daure su ɗebo a burtsatsen Mawashi duk da nisansa. Tana kuma roƙon Alhaji Zainul Abidin, cikin ladabi da jin kunya, ya ba da izini a kware rufin. Kwanon ba zai tafi a banza ba, rumfar da mata ke jiran layi tana bukatarsa, ladan kuma na marigayiya ne.

Muna miƙa ta'aziyya ga Alhaji, da 'ya'yanta Salma da Kamila, da mahaifiyarta Hajiya Mairama, da ɗaukacin dangi. Allah Ya jiƙanta, Ya sa kowane maƙogwaro da ta jiƙa ya zama shaida gare ta, Ya ba iyalai haƙuri da ƙarfin zuciya.

Malam Murtala, abokin aikinta na jami'a, ya yi alkawarin zuwa yau ya sake gwajin, mu tafi Kankia tare mu faɗa wa Alhaji baki da baki, don kada ya fara ganin maganar a takarda. Na jira shi a zaure tun hantsi har la'asar ta wuce, bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Ba zan bari a ƙara yini ana shan ruwan ba, shi ya sa na fitar da wannan takarda tun ban ga Alhaji ba. Idan wannan roƙo ya ɓata wa Alhaji rai, ya ɗora laifin a kaina ni kaɗai.

Malam Audi Kabo
Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Kula da Ruwan Sha ta Kaikai da Mawashi