Bishiyar da Baba Ya Ɓoye

Alba, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Ornella,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Torino? Mu nan da sauƙi, in ban da ƙirjin Baba.

Liyafar ƙungiyar su Baba saura kwana goma. Kin san tsarin: gidan Gaudenzio su kawo jar giyar inabi, gidan Rinaldi su murza taliya, mu kuma farin tartufo, naman kazan nan mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa. Shekara arba'in Baba bai fasa ba, kuma gidan da ya zo hannu wofi an ɗauke kujerarsa ke nan. Jiya tsoho Gaudenzio ya tare ni a kasuwa, wai, "Malam mai littafi, ko takarda za ka kankare mana a kan taliya?" Na ce ya fara sayen haƙora kafin ya damu da abin ci. Tsofaffi da alkyabba da lambar wuya, suna shinshina faranti kamar sun ga aljanna!

Amma ba shi ne ya hana ni sukuni ba. Ni da karyarmu Lila, mai gano tartufo da hanci, mun tone rabin dajin nan, sai ƙanana kamar gyaɗa. Manyan suna cikin saiwar bishiya guda, kuma Baba kaɗai ya san ta. Kin san ba a faɗin wurin sai mutum ya ji tafiya ta zo. Kaka ya gaya wa Baba ran Alhamis, Asabar aka binne shi.

Yaya, sau uku ke nan Baba yana cewa, "Fulvio, turo ƙofar, zo nan." Sau uku ina gudu.

Ƙaninki,
Fulvio

9 ga Nuwamba

Yaya Ornella,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga wasiƙarki. Kin ce camfi ne. Na sani! Ni da na koya wa kaina karatu da tsofaffin jaridun da ake naɗe tartufo, ni za ki gaya wa camfi? To amma zo ki zauna gefen gadon, ki ji yadda numfashinsa ke ƙugi, sannan ki maimaita.

Yanzu Mama ke kai masa romo, ni daga bakin ƙofa nake gaishe shi. Shekaranjiya ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Matsoraci! Kujerar ubana za ka bar wa surukin Gaudenzio?" Na ce su haɗa da teburin su ƙona. Tari ya sarƙe shi har na zaci shi ke nan. Na tsaya a tsakar gida, Lila na lasar hannuna.

Muddin ban ji inda bishiyar take ba, Baba yana nan da rai. Haka zuciyata ke gaya mini, kuma na kasa yi mata gardama.

Naki,
Fulvio

15 ga Nuwamba

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Tsohon nan namu, Baba, ya yi mini wayo.

Ran Laraba na buɗe littafin da nake karantawa, sai ga rubutu a gefen shafi, da fensir, harufa manya a karkace. Mutumin da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa! Ya san ba na iya ganin rubutu in kau da kai. Kafin in ankara na karanta. Layi biyu ne, kwatancen inda bishiyar take. Ba zan gaya miki ba, kada ma ki tambaya.

Na je da sassafe. Lila ta tona, na ƙarasa da yatsu, sai ga tartufo ya cika tafin hannuna. Ban yi murna ba.

Jiya aka yi liyafar. Na kankare wa kowa a kan taliyarsa, suka miƙe da kofuna suna kiran sunan Baba. Gaudenzio ya shinshina, ya dube ni, ya gane inda ya fito da abin da hakan ke nufi. Bai yi tsiya ba. Ya cire hularsa, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Na kawo wa Baba rabonsa a kan soyayyen ƙwai. Ya ci cokali biyu, ya ce gishiri ya yi yawa. Yau da safe na tarar da Mama da allura, ya sa ta rage tsawon alkyabbarsa daidai ni.

Ki hau jirgin ƙasan safe, Yaya. Yanzu ina zaune gefen gadonsa, ƙofa a rufe, ba inda za ni.

Ƙaninki,
Fulvio