Ragon da Aka Kai wa Inna

Assalamu alaikum Yaya Zulkiflu,

Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna, yaya su Hanifa da karatu? Ni ma lafiya lau nake a Legas, in ban da barci da ya ƙaurace mini.

Banki ya ba ni kamfanoni uku in tantance wanda za mu sayi na'urorin haɗa babbar kwamfutarmu da rassa a wurinsa. In na zaɓi ruɓaɓɓe, ranar albashi ni za a tsine wa a layi. Na'urar ɗaya daga cikinsu ta mutu a gwaji, tana zafi kamar tandar waina. Wakilinsu ya kasa amsa tambayoyina, amma bai kasa gano gidanmu a Tudun Wada ba.

Shi ne baƙon kirkin da ya kawo wa Inna rago, wai gaisuwa. Inna ba ta mayar da hannun kyauta baya, ban ga laifinta ba. Amma kai, da digirinka, har ka riƙe igiya aka ɗauke ku hoto! In hoton nan ya riga rahotona isa ofis, aikina ya ƙare.

Don Allah ka mayar masa da abinsa gobe, a gaban shaidu. Ka lallashi Inna, ragonta na Sallah yana wuyana. In kuwa an riga an yanka, kada ka ba ni labarin romon. Ka shiga kasuwa ka nemo mai kama da shi, har baƙin kunnen.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙanwarka,
Bahijja